Ranar da Leandro Ya Toshe Ƙofar Valdecuco

A Madrid kowa yana da ƙauyensu. Ko a tsakiyar birni aka binne cibiyar mutum, da zarar zafi ya shigo sai ka ji yana cewa zai leƙa gida. Amma ba a taɓa yin mai ƙauye irin Leandro Carrascosa ba. Tun da ya shigo sashen tarihi a jami'a ya ishi 'yan ajinsu da zancen Valdecuco. Wai gidansu ne mafi girma a garin. Wai in kakansa ya yi tari, ƙararrawar coci kan saurara. Wai tsofaffi cire hula suke yi in sun ji sunan Carrascosa. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, rabonsa da garin tun yana ɗan ƙaramin da ake sa wa wando.

Al'adar ajin ce duk shekara, ranar fita ziyarar karatu, bayan an ci abincin rana, a zaɓi wakilin ɗalibai ta hanyar ɗaga hannu. Kujerar ba ta taka kara ta karya ba, zama ne da malamai a taro da mabuɗin wani ɗan ofis mai ƙamshin tsohuwar takarda. Amma Leandro ya ƙwallafa rai a kai. Ya sayi kwat, ya aske gemunsa da dama bai gama fitowa ba, ya kuma riga ya gaya wa uwarsa da duk danginta cewa ya ci. Matsalarsa ɗaya ce, wata yarinya Almudena, mai kaifin harshe, wadda 'yan aji ke so saboda ita ce ke ba su aron abin da ta rubuta a darasi.

Shekarar nan an shirya zuwa ganin kufan wata tsohuwar ganuwa, a ci burodi da cuku a ƙarƙashin bishiya a dawo. Leandro ya kwana yana lissafi, ya tashi da dabara. Valdecuco tana can wajen, in an ɗan ratse. Zai karkatar da bas, ya kai su garinsu, su ga yadda ake girmama shi, a gasa musu 'yan raguna su ci har su kasa numfashi. A ganinsa babu hannun da zai tashi wa Almudena alhali maiƙon ragonsa bai bushe a jiki ba. Bai sanar da kowa a ƙauyen ba. Ina amfanin sanarwa ga mutumin da ya dawo gidan ubansa?

Sa'arsa ta farko ita ce Malama Amparo, wadda aka ba jagorancin tafiyar. Mota ba ta yi mata, don haka tun kafin a fita gari ta haɗiyi maganin amai, ta naɗe kanta da gyale a kujerar baya, ta ce: "Leandro, tun da bakinka ba ya gajiya, kula da su." Ba a yi nisa ba ta fara minshari.

Nan take ya ɗauki makirufon da ke gefen direba, ya busa masa iska.

"'Yan uwa, ku mayar da burodin nan jaka. Yau ku baƙina ne."

"Baƙinka a ina?" in ji Almudena daga tsakiyar mota. "A fadar nan taku da babu wanda ya taɓa ganin hotonta?"

"Ki dai tanadi ciki, yarinya. In kin ga mutanena sun tare ni, da kanki za ki janye."

"In na ga ko kare ɗaya ya kaɗa maka wutsiya, na janye."

Aka yi dariya, amma zancen gasasshen rago ya riga ya shiga kunne, kuma ɗalibi da nama kowa ya san tsakaninsu. Saura direba, Baba Eusebio, wani ƙaton dattijo mai gashin baki wanda bai yarda akwai wanda ya fi shi riƙe sitiyari a ƙasar nan ba. Ya ce shi inda aka aiko shi zai je.

"Haka ne, Baba," Leandro ya ce da sanyin murya. "Dama hanyar garinmu ba ta kowane direba ba ce. Kwana-kwana ce, sai gwanaye."

Gashin bakin Baba Eusebio ya motsa. A mararraba ta gaba ya karya kan mota.

Suka bar babban titi suka kama wata siririyar hanya tsakanin gonakin alkama da suka yi yaushi don rashin ruwa. Leandro na tsaye da makirufo yana rabon dukiya. Wancan tudun na kakansa ne. Waɗancan zaitun ɗin kakarsa ce ta shuka su. Sau biyu ya ce a yi dama, sau biyu suka ƙare a bakin garken tumaki, Baba Eusebio yana juya mota yana ambaton iyayen da ba a san su ba. Leandro ya ce laifin gwamnati ne, ta canja hanyoyi ba ta gaya masa ba. Rana ta take sosai kafin suka hango hasumiyar coci da sheƙar shamuwa a kanta, da tsohuwar katangar dutse kewaye da gari.

Hanyar ta hau tudu ta mutu a bakin wata ƙofar dutse mai baka. Baba Eusebio ya taka burki, ya dubi ƙofa, ya dubi madubinsa na hagu da na dama.

"Wannan ba za ta ci motar nan ba, yaro."

"Haba Baba! Da idona na ga manyan motocin alkama suna wucewa ta nan biyu-biyu. Ƙofar nan ko jirgi ta ɗauka."

A nan kam ba ƙarya ya yi da gangan ba. Haka ƙofar take a ransa, don ranar da ya gan ta tsayinsa bai wuce gwiwar babba ba, kuma a lokacin ko akurkin kaji fada ce a wajensa. Wawan bai taɓa tunanin shi ne ya girma ba.

"Na ce maka ba za ta ci ba."

"To shi ke nan, mu sauka mu taka. Wani direba dai na sani da ya shigar da wadda ta fi wannan da hannu ɗaya, yana cin tuffa."

Baba Eusebio ya naɗe madubai, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ba ta wuta. Kan mota ya shige lafiya, har Leandro ya juyo ya fara sunkuyar da kai yana jiran tafi. Sai aka ji ƙiiiii, ƙarfe yana kuka da dutse ta gefe biyu, mota ta yi tsalle ɗaya ta tsaya cak. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Kanta da ƙofar gaba suna cikin dandalin gari, gindinta da ƙofar baya suna waje, cikinta kuma ya cika ƙofar gari tam, ko kyanwa ba za ta sami wurin ratsawa ba. Malama Amparo ta gyara kwanciya ta ci gaba da barcinta.

Ɗalibai suka sauko dandali ta ƙofar gaba. Babu kowa sai tebura da aka jera da wasu manyan tukwane a kan wuta, mata uku tsaye da ludaya sun saki baki. Can sai ga kiɗa da bushe-bushe daga wajen coci. Fuskar Leandro ta washe.

"Kun ji ko? Na gaya muku! Sun sami labarin zuwana."

Ya gyara kwat, ya tsaya gaban mota ya buɗe hannuwa. Gari duka ya ɓullo daga kwana: masu busa a gaba, fada, limamin cocin, da farar riga, motocin noma an yi musu ado da furanni, a tsakiya kuma ƙarti sun ɗauko mutum-mutumin San Isidro, waliyyin manoma, a kafaɗa, tsaye kan katakonsa da sandar kora shanu a hannu. Ranarsa ce. Ranar da ake fita da shi ta wannan ƙofa, ba ta wata ba, ya dubi gonaki ya roƙa musu ruwa. Bana kuwa sama ta yi shiru tun farkon shuka, kowa idonsa na kan wannan fita. Kiɗa ya mutu ɗaya bayan ɗaya, mai ƙaton ƙaho ne ya yi na ƙarshe, wani irin kuka kamar na saniya.

Wata gajeriyar mata mai sandar mulki ta fito daga cikin taro. Doña Herminia ce, magajiyar gari.

"Wane ɗan albarka ne ya yi mana wannan?"

"Ranki ya daɗe, ni ne Leandro Carrascosa, na dawo gida!"

"Rabin garin nan Carrascosa ne, har da maƙabarta. Kai na wane gida ne?"

A ƙauyukanmu ba a san mutum da sunan takarda ba. Kowane gida da laƙabinsa, wanda aka liƙa wa kakan kaka, kuma da shi ake amsa wannan tambaya. Leandro bai san nasu ba. Ubansa bai taɓa faɗa ba, shi kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

"Na babban gidan nan mana," ya ce, yana nuna sama-sama. "Kowa ya san mu."

"Ni dai shekaruna duk a nan na yi su, ban san ka ba. Cire mana wannan abin, waliyyi yana jira. Kuma ka sani, in ya fito ba ya komawa da baya, ba ya taɓa ƙasa, sai ya ga gona."

"Har yanzu kare bai zo ba," Almudena ta raɗa, da ƙarfin da kowa zai ji.

Mai hankali da nan ya ba da haƙuri ya koma gefe. Leandro ya ga ido ya yi yawa, kuma duk hannuwan da yake nema suna tsaye suna kallonsa. Ya cire kwat ya miƙa wa wani, ya naɗe hannun riga.

"Ƙaramin abu ne. Na karanta irinsa. A sace iskar tayoyi, mota ta yi ƙasa, ta wuce."

Kafin Baba Eusebio ya sauko daga kujerarsa, Leandro ya bi tayoyin gaba da tsinke, ya aika wasu samari ta cikin mota su yi wa na baya. Bas ta yi ajiyar zuciya ta durƙusa. Sai a lokacin wani tsoho mai sanda ya matso ya leƙa sama, inda tsakanin rufin mota da bakan ƙofa mutum zai iya zama ya miƙe wuya.

"Ɗan nan, ai ta gefe ta matse, ba ta sama ba."

"Mataki na farko ke nan, Baba, kada ka yi gaggawa."

"Ka kashe ni!" Baba Eusebio ya dafe kai. "Da ina da mota maƙalalliya, yanzu ina da gurguwa!"

Mataki na biyu man zaitun ne. Leandro ya suri jarkar da matan nan suka ajiye don girkin gari, ya tuttula ta tsakanin mota da dutse, hagu da dama, ɗaya daga cikin matan na binsa da ludayi tana yi masa Allah ya isa. Mota ba ta motsa ba. Man dai ya gangaro kan duwatsun dandali, ya sami mai ƙaton ƙaho yana matsowa kallo, ya ɗauke masa ƙafafu. Ƙaho ya yi gabas, mai shi ya yi yamma, fada ya ruga taimako shi ma ya zauna daɓas da farar rigarsa.

Mataki na uku motar noma ce. Aka ɗaura sarƙa a bamba, ƙarfen gaban bas, Leandro ya hau kan tebur yana ba da umarni da hannu biyu. Motar noma ta yi gurnani, furanninta suna zuba, ta yunƙura, ta tafi abinta da bamba da fitila ɗaya tana jan su ƙararam-ƙararam har ƙofar coci. Baba Eusebio ya zauna a bakin rijiya.

Zuwa yanzu masu ɗauke da waliyyi sun tokare katakonsa da sandunan nan masu baki biyu da suke hutawa da su, suna sharce gumi. Tsofaffin mata sun fara kuka, suna cewa bana kam an yi asarar alkama. Ɗalibai kuwa cikinsu na ƙugi, kuma babu wanda ya ji ƙamshin rago ko daga nesa. Leandro ya ga kujera tana sulalewa daga hannunsa, sai Shaiɗan ya kawo masa dabarar da ta fi duka.

"Jama'a, ku saurara! Wa ya ce hanya ta toshe? Ga ƙofar gaba a cikin gari, ga ta baya a waje. A shigar da waliyyi ta nan, a bi da shi tsakanin kujeru, a fitar da shi ta can. Ta ƙofar gari ya bi, bai taɓa ƙasa ba, bai koma da baya ba. Ina laifi?"

Fada ya ce shi bai taɓa karanta inda aka hana ba, bai kuma taɓa karanta inda aka yarda ba. Doña Herminia ta dubi sama, babu ko ɗigon gajimare, ta dubi matan da ke kuka.

"Ka tabbata zai shiga?"

"Ranki ya daɗe, na auna da ido. Idona ba ya kuskure."

Wannan maganar daga bakin wanda ya auna ƙofar gari, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Aka kwance waliyyi daga kan katako, aka kwantar da shi a hannuwa. Leandro ya ce shi zai riƙe kan, don kowa ya ga wanda ya ceci gari. Ya hau matakala da baya-baya, kan waliyyi a tafukansa, yana "ku turo, ku turo, ku ɗan karkata." Kai ya shiga. Kafaɗa ɗaya ta shiga. Hannun da ke riƙe da sanda ya zura ta bayan ƙarfen da fasinjoji ke kamawa, ya sarƙe, ɗaya kafaɗar ta cije a jikin ƙofa. Aka tura, katako ya yi ƙara, fada ya yi ihu a tsaya. Ga waliyyi maƙale a ƙofar mota, ga mota maƙale a ƙofar gari, ga Leandro a takure tsakanin sitiyari da gilashi da kan San Isidro a hannu.

Abin da ya tashi a dandalin nan ba ya faɗuwa. Maza suka yo kan mota, wasu da sanduna. Doña Herminia ta buga sandarta a ƙasa, ta matso ta leƙo ta ƙarƙashin hammatar waliyyi.

"Yanzu kam sai ka gaya mini gidanku. Gyaran ƙofa da gyaran waliyyi a wuyan gidan zai hau, kuma sunanku ya shiga bakin garin nan har jikoki."

Leandro ya dubi sanduna. Ɗalibai sun yi cincirindo a gaban gilashi, Almudena a sahun farko.

"Ranki ya daɗe... gaskiya kuskure aka yi. Ni ba ɗan nan ba ne. Wata Valdecucon nake nufi, can arewa. Yau na fara ganin garin nan."

"Ashe!" in ji Almudena. "To zaitun ɗin kakarka fa da muka wuce?"

"Ƙarya yake, namu ne."

Wata tsohuwa ce cikin baƙaƙen kaya, ta ratso taro tana dogara sanda. Aka buɗa mata hanya ana "Gwaggo Casilda, a hankali, akwai mai." Ko fuskarsa ba ta tsaya dubawa ba.

"Ba sai na ga ido ba, aikin na gani. Jini ɗaya ne ke irin wannan a garin nan. Jikan yayana Sha-Alwashi ne, wanda ya ce zai haƙa mana rijiyar da ba ta ƙafewa, ya yi ta haƙa har ya ɓulla cikin masai a gidan fada, ya gudu Madrid bai ko ɗauki hularsa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Gidan Sha-Alwashi!" Dandali ya ɗauka gaba ɗaya. Fushi ya koma dariya, tsofaffi har da riƙe ciki, wasu na cewa ai tun daga sace iskar taya ya kamata a gane.

"Gwaggo," Leandro ya ce da 'yar murya, "babban gidanmu fa?"

"Yana nan. Kajina ne a ciki, su ma in ana ruwa fita suke yi. Riƙe waliyyi da kyau, shashasha, kada ka sake shi."

Aka nemi kafinta ya zo ya cire ƙarfe da ƙofar mota. Yana ɗauko kayan aiki ƙararrawar coci ta buga biyu. Ya mayar da guduma cikin jaka. A ƙasar nan ko gobara ce sai ta jira a ci abincin rana. Ƙarti suka tokare ƙafafun waliyyi da sandunansu daga waje, amma a ciki babu wurin kafa sanda, kuma kan waliyyi ba zai taɓa daɓen mota ba. Doña Herminia ta ce ai dama akwai mai riƙe da shi.

Mutanen Valdecuco ba su da rowa. Suka zaunar da ɗalibai a tebura, aka zuba musu dafaffen naman tunkiya da dankali, har da Baba Eusebio da aka lallasa da kofin ruwan inabi. Leandro yana kallon komai ta gilashi, ƙamshi na shigowa ta gefen waliyyi, gumi na sauka cikin idonsa ba halin sharewa. Ƙamshin ne ya tashi Malama Amparo. Ta fita ta ƙofar baya, ta zagayo ta hanyar awaki, ta zauna ta cinye kwano guda kafin ta tambayi ko wannan ce ganuwar. Da ta goge baki ta ce tun da an ci abinci, a yi zaɓe a huta.

"Malama, a dakata!" Leandro ya ƙwala daga cikin mota. "Ban yi jawabi ba!"

"Tun safe kake yinsa," in ji Almudena.

"Masu son Almudena?" in ji Malama Amparo.

Hannuwa suka tashi da cokula a ciki. Har Gwaggo Casilda ta ɗaga sandarta, aka ce mata ba ta cikin aji, ta ce ita dai a rubuta.

"Masu son Leandro?"

Babu hannun da ya tashi, sai ƙarar cokali a kwano. Duk suka juya suka dubi gilashin mota. Leandro ya yunƙura zai zare hannun dama, kan waliyyi ya yi ƙasa, gari duka ya miƙe tsaye da ihu. Ya yi maza ya mayar.

Malama Amparo ta ɗan ƙara jira, don a yi adalci, sannan ta ce: "Babu ko ɗaya. A miƙo mini burodi."